Kawu Ba Ya Zaman Gefe

Jiya na ci dabino, ƙwallon na hannuna sai na tuna kawuna, Allah Ya ji ƙansa. Da ƙwallayen dabino yake dara a gindin mangwaro a Jiwa, ni kuma da marafan kwalba. Ramukan har sun yi sulɓi don yatsunsa.

Duk sanda na fara jera 'ya'yana a gefe sai ya ja tsaki. "Kai yaro, kwana a Kuje, aiki a cikin gari, a dara ma gefen kake so? Kama tsakiya, ɗan da ke can hanya huɗu gare shi." Sannan ya cinye ni tas, 'yan kallo na dariya.

Ran wata Asabar na ɗauki shawararsa, na dasa ɗan farko a tsakiya. Kawu ya dube shi, ya dube ni, ya sa yatsa ya ture shi gefe.

"Kawu, ai kai ka ce!"

"Na ce, amma ban ce da ni ba. Babba na zaune za ka shige tsakiya?"

Allah Ya ba shi tsakiyar Aljanna. Na san Kawu, gefe ba zai zaunu ba.