Baƙaƙen Ƙwayoyi a Ƙafar Tela

Shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, har muka rufe shaguna muka nufi masallaci, a shekarar ne likita ya ce mini in ba a gane abin da ke cin ƙafata ba, yanke ta za a yi. Ni tela ne a Laranto, kekena kuwa na takawa ne. Ƙafar dama ce ta kumbura, ta yi 'yan ramuka suna tsattsafo da ruwa. Allura kam na sha har na gaji.

Na ce da yardar Allah ba mai yanke ta sai an gaya mini sunan abin.

Ina da maƙwabci Ibo, yana aikin gwajin cututtukan shanu a Vom. Ya sa na kwance masa tsumman da na ɗaure ƙafar da shi.

"Malam, kullum haka kake wanke ta fes kafin ka je asibiti?"

"To da ƙazanta zan je gaban mutane, Oga? Ga alwala sau biyar."

"Shi ya sa. Kana kai wa likita wanki, me zai gani?"

Ya ce in bar ta a ɗaure kwanaki. Abin ya yi mini nauyi, sai na tuna karatunmu na zaure: mai rauni yana shafa a kan ɗauri, sallarsa ta yi. Na yi ta shafa. Da muka kwance, sai ga baƙaƙen ƙwayoyi a jikin audugar, kamar tsabar acca. Su nake ta zubarwa da ruwan buta.

Ya kwashe su a kwalba. Ya ce funfuna ce, irin mai kama burodi, amma danginta da yawa, sai an shuka ta tsiro ake gane kowace.

"Ladana riga," in ji shi. "Kuma da wannan ƙafa za ka taka."

Shukar farko ta lalace. Na sake ɗaurewa, na sake shafa, na kai masa har Vom. Ta biyu ta yi makonni kafin ta tsiro, ya gane ta a madubin aikinsu, ya aika wa likita da sunan. Likita ya canza magani, ya yanke kumburin kaɗai.

Sai da damina biyu ta wuce na iya hawa keken ɗinki. Ran da zan ɗinka rigar, ya ja benci ya zauna yana kallon ƙafata, wai kada in cuce shi da ta hagu. Bai tashi ba sai da na yanke zaren ƙarshe na miƙa masa.