Darar da Na Ɗage wa Mahaifina

Shekarun baya, lokacin ina zaman kashe wando a gidanmu na Unguwar Mu'azu, mahaifina yana da wani aboki ɗan Filato mazaunin unguwar Television. Tare suka yi aikin kamfani a Kudenda. Shi ne sakataren ƙungiyar ma'aikata, shi ya sa muke kiran sa Baba Sakatare. Duk Asabar bayan la'asar sai ya zo su buga dara a ƙofar gida, irin ta katako, 'ya'yanta kuwa marafan kwalbar lemo ne.

Mutumin nan bai taɓa cewa "mu tashi" ba. Idan magariba ta kawo jiki ba a gama ba, sai ya buga benci ya ce, "Malam, adjourn!" Ni da shegen tambaya, rannan na ce me ke nan? Ya ce, "Yarona, a taron ƙungiya muke faɗin ta. Daga Faransanci Turawa suka aro ta, kuma kalmar rana ce a cikinta. Ba turewa ba ce kawai, ka ba magana ranarta ke nan. Wanda ya sa rana kuwa, dole ya zo."

Wata Asabar ana tsakiyar wasa ya ce zai tafi gida Kirsimeti, adjourn sai Asabar ɗin farko ta sabuwar shekara. A can ya rasu. Mahaifina ya ɗora darar a kan kwaba yadda suka bar ta, ya hana kowa taɓawa. Abinci ma sai mahaifiyata ta yi da gaske yake ci.

Da ranar ta zo, ya yi wanka, ya sa fararen kaya, ya fito da kujeru biyu, ya ɗora darar a kan benci. Ya tura ɗa ɗaya, ya naɗe hannu yana jira. Mahaifiyata ta ba ni shayi in kai masa. Na juya ke nan zan ajiye kofin, sai na ji ƙwas, ƙwas. Ina waiwayowa na ga an cinye marafan mahaifina biyu, suna gefen kujerar da ba kowa. Hannayensa kuwa suna kan cinya, riƙe da carbi.

Ya yi murmushi ya ce, "Ka ga mutumin nan? Ba shi da tausayi."

Na dubi darar. 'Ya'ya biyu suka rage masa, kuma raina ya ba ni cewa in wasan nan ya ƙare, zai bi abokinsa. Ban san sanda na buga bencin ba. "Baba, adjourn!"

Ya ɗago. "Zuwa yaushe? Ba a yi sai da rana."

Na ce, "Ranar sunan ɗana." Ni da ko budurwa ba ni da ita, balle aiki!

Ya dubi kujerar ya daɗe, sannan ya ce, "To, ya yarda." Ranar ya cinye tuwonsa tas.

Na daɗe ban yi aure ba. An yi min gori har an gaji, ban faɗa wa kowa dalili ba. Amma dai aka yi, aka haihu. Ranar suna da yamma, baƙi sun watse, na ga mahaifina ya fito da kujeru biyu. Na kasa kallo, na shige ɗaki. Can ya leƙo fuskarsa wasai, ya shafa kan jaririn ya ce, "An tashi wasa. Ya cinye ni." Bai kai wata Asabar ɗin ba.

Na san ajali na Allah ne, marfin kwalba bai kashe mutum, kuma ban rantse a kan abin da na gani ba. Abin da ke yi min ciwo shi ne, shekarun nan duka ya san me ya sa nake jan ƙafa, bai taɓa ce min in yi sauri ba. Har yau idan aka ɗage taro a wurin aiki aka ce in sa rana, sai in ce wani ya sa.