Goggo Mai Gugar Takardu

Duk wanda ya zauna a layinmu na Bani Malik a Jidda ya san ba a zuwa aron dutsen guga wajen Goggo Zainabu ranar Alhamis da hantsi. Ranar gugar takardu ce. Za ta hura gawayi ta zuba a dutsen, ta shimfiɗa tsohon zane, sannan ta jawo koriyar adakar nan tata daga ƙarƙashin gado. Ɗaya-ɗaya take fitar da su, ta rufa wa kowace ƙyalle, ta bi ta da dutse a hankali tana bismilla. Rigunan mijinta kuwa, Baba Haruna, tun da aka ɗaura aure ba su taɓa haɗuwa da dutsen nan ba. Shi da bakinsa ya ce mini, "Sale, da Allah ya yi ni takarda, da na ji daɗin auren nan."

Goggo yayar mahaifina ce, a hannunta na tashi bayan rasuwarsa. Kuma in kun manta bari in tuna muku, ba ta iya karatu ba, ko alif ba ta sani ba. Daga nan rigimar ta samo asali. Tun da ba ta san abin da ke rubuce ba, to kowace takarda tana iya zama babba. In ka ce mata, "Goggo, wannan fa takardar sabulu ce," sai ta karɓe ta ninke.

"Ajiye. Za a tambaya."

"Wa zai tambaya?"

"Da na san shi ai da na kai masa."

Gyada take soyawa ta sayar a bakin titi a unguwar Bagdadiyya. Sauran mata suna naɗe wa mutane a tsohuwar jarida, ita kuwa a aljihu take zuba maka. Mutum ya zo da farar riga tas, ya ce, "Ya hajja, ina takarda?" sai ta ce, "Ba ni da ta zubarwa. Buɗe aljihu." Akwai wani Balarabe Bahadrami mai kanti da ya gaji da maiƙo a rigarsa, ya zo da takardarsa daga gida. Goggo ta karɓa, ta juya ta gaba da baya, ta ga rubutu har da jan biro. Sai ta soke ta a lalita.

"Buɗe aljihu."

"Ya hajja, jarrabawar ɗana ce! Sifiri ya ci!"

"To ka gani. Za a tambaya."

Wallahi takardar nan tana gidana har yau, a goge sumul. Yaron ya zama injiniya.

Amma kada ku ɗauka tarkace ne kawai a adakar. Tarihin gidanmu kaf yana ciki, tun ranar da kakanmu Mamman ya kulle ɗakinsa a wani ƙauye kusa da Kazaure ya nufo gabas a ƙasa. Akwai wasiƙun ajami, akwai takardar likitan tashar jirgin ruwa ta Sawakin a Sudan, akwai tikitin jirgin ruwan da ya ƙetaro da su, akwai katunan lambar rigakafi na kowa da kowa. Goggo ta san kowace da ninkinta da tabonta. Ta ɗaga ɗaya ta ce, "Wannan mai tabon shayi, shekarar da jakin Baba ya mutu." In ka karanta ka ga ba maganar jaki a ciki, sai ta ce, "Ai ba su san shi ba."

Akwai guda ɗaya da ta fi ji da ita, da Turanci, mai kauri, a cikin ambulan. Kakanmu ya yi wa wani Bature aiki shekara biyu a Sudan kafin su ƙaraso, kuma Goggo ta haƙƙaƙe takardar gona ce a bakin kogin Nilu. In ta yi fushi da Baba Haruna sai ta ce, "Ka bi ni a hankali, Malam, ni mai gona ce." Ba wanda ya iya Turanci a layinmu, ga shi ba ta yarda takardar ta fita daga ɗaki. Sai wata shekara lokacin aikin hajji aka saukar mana da wani malamin makaranta daga Zariya, Malam Yusha'u. Kwana shida tana lura da shi, yadda yake alwala, yadda yake cin abinci. Rana ta bakwai ta sa ya wanke hannu da sabulu, ta miƙa masa.

Malam ya gyara tabarau, ya karanta a zuci, ya yi tari.

"Hajiya, Baturen nan ya ce Mamman mutum ne mai amana. Bai taɓa yi masa ƙarya ba, bai taɓa ɗaukar ko allura ba."

"Na sani. Wuce wajen gonar."

"Ya ce shi da iyalinsa wasu irin Nasara ne da ibadarsu ita ce su taru su zauna shiru. Ya ce sau da yawa suna zaune shirunsu, Mamman yana gefe yana jan carbi, kuma ba su taɓa samun saɓani ba."

"Madalla. Gonar fa?"

"Daga ƙarshe ya ce duk wanda zai ɗauke shi aiki ya ɗauke shi da zuciya ɗaya. Amma don girman Allah kada a bar shi ya yi girki."

Baba Haruna ya cusa bakin rawani a baki, kafaɗunsa suna rawa. Goggo ta dubi Malam.

"Masu zama shiru, ka ce?"

"Haka ya rubuta."

"Shi ya sa suka jure shekara biyu. Duba baya."

"Ba komai a baya, Hajiya."

Ta karɓi abarta ta mayar a ambulan. Da Malam ya fita sai ta ce da ni, "Mutumin kirki ne, amma Turancinsa bai nuna ba. Za mu jira wani."

Ruwan sama kuwa kun san halinsa a Jidda. Sai a shekara ba a gan shi ba, ranar da ya zo kuma sai ya zo da fushi. Wata rana bayan azahar ya sauko, rufin kwanonmu ya fara yoyo ta ko'ina, ruwan layi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Lokacin Baba Haruna yana kwance da ciwon ƙafa. Na shigo a guje daga garejin da nake aiki don in ɗauke shi, sai na tarar an riga an ɗauke shi. Yana zaune a kan turmi, ruwa har idon sawu, ɗigo yana sauka a tsakar kansa. Adaka tana kan gado, an lulluɓe ta da bargonsa, Goggo tana tsaye ta riƙe mata lema.

"Zainabu," in ji shi, "shekara talatin muna tare."

"Kai za ka bushe, Malam."

Ya bushe ɗin kuwa. Sai dai ya yi mako yana atishawa.

Ni ma na yi mata dariya iyakar iyawata, har ranar da dariyar ta ƙare mini. Ina da shekara ashirin da biyar, na fara gemu, na ga bai kamata iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ta ci gaba da kwana a adakar tsohuwa ba. Na yi ta naci har ta ba ni.

"Za ka yar," ta ce.

"Haba Goggo, ni yaro ne?"

Mako uku ta yi a hannuna. Ran wata Juma'a muka je wanka teku da abokai, na fito na tarar babu riga, babu abin da ke aljihunta. Kunya ta hana ni faɗa a gida. Bayan kwana biyu masu duba takardu suka tsaya a ƙofar garejinmu. Suka tambaya, na fara dogon bayani, suka ce in ƙarasa a mota.

Kwana uku na yi a tsare. Aka ce in ba wata shaida, za a haɗa ni da waɗanda za a mayar Nijeriya. Ni da ban taɓa wuce Ɗa'if ba! Ban san kowa a can ba, Hausata ma rabi Larabci ce. Ga matata da tsohon ciki. Ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka a wurin nan, na gaske.

Rana ta huɗu da safe aka fito da ni zuwa ofishin wani jami'i, siriri mai tabarau, da ganinsa mai haƙuri ne. Sai na ji hayaniya a ƙofa. Goggo ce, da adaka a ka. A amalanken mai sayar da ruwa ta ɗauko ta tun daga Bani Malik. Ta sauke a gaban tebur, ko kallona ba ta yi ba, ta zauna a ƙasa ta ciro makulli daga wuya.

"Ya hajja," in ji jami'in, "takarda ɗaya nake so. Wadda ta nuna a nan aka haife shi."

"Za mu zo wurin, ɗana. Ba a haife shi ba tukuna. Yanzu kakansa yake fitowa daga gida."

Ta ɗora ta farko a tebur. Da Larabcinta na kasuwa, inda ya ƙare ta cike da Hausa, ta fara. Duk takardar da ya kai hannu zai tsallake sai ta dafe. Aka kawo masa shayi ya sha. Mutanen da ke layi a bayanmu suka gaji da tsayuwa suka zazzauna. Wani Bayamane har ya tambaya ko jakin ya tashi. Da aka kira azahar jami'in ya je ya yi salla ya dawo.

"Ina muke yanzu, ya hajja?"

"Mun shiga Sudan."

Ya cire tabarau ya murza ido. Muka yi noman auduga, muka yi Bature, har gonar ta ambata a taƙaice. Muka hau jirgi. Aka haifi babana, aka yi masa lamba, aka yi masa aure. Jami'in ya dubi agogo.

"Ya hajja, don Allah ki haife shi. Za mu tashi."

Sai ta ciro wani ɗan ƙunshi. Takardar haihuwata, katin lambata, da wata 'yar takarda da ban taɓa gani ba. Ashe kafin ta ba ni iƙamar nan sai da ta kai wa mai rubuta wasiƙu a bakin kasuwa ya kwafe mata duk abin da ke jiki, har lambar iƙamar. Jami'in ya aika aka ɗauko wani ƙaton littafi, ya bi da yatsa, ya tsaya. Ya dube ni, ya dubi littafin. Ya ja hatimi ya buga.

"Halas. Yalla, tafi da ɗanki."

Tana mayar da kayanta a adaka, kowace a gurbinta, sai ya ce, "Af, ke fa hajja, ina taki iƙamar?"

A hanya aka haifi Goggo, tsakanin wani gari da wani gari, kuma ba ta taɓa yin takardar kanta ba.

"Ni ba ni aka kama ba," ta ce.

Ya dubi adakar, ya sake duban agogo. "In na tambaya, daga ina za mu fara?"

"Daga Kazaure. Amma ta wajen uwa."

"Ma'assalama, ya hajja."

Muna fita na durƙusa a bakin titi zan yi godiya. Ta miƙo hannu. Na ɗauka sa mini albarka za ta yi, na sunkuyar da kai.

"Kawo."

Har na haifi 'ya'ya uku, kullum da safe sai na je na karɓi iƙamata a wajenta, da yamma in mayar. Takan ɗaga ta a haske ta duba ko na ɓata ta da baƙin mai.

A gidana na Aziziyya ta rasu, wata Talata bayan la'asar, shekara huɗu bayan Baba Haruna. Da aka share makoki na zauna na buɗe adakar, ni da matata, muna fitarwa muna dariya. A can ƙasa muka tarar da wata 'yar rigar jariri a naɗe. Cikinta takardu huɗu ne ƙanana, na izinin binne gawa. Amina. Muhammadu. Wani Muhammadun. Ta huɗun babu suna, an dai rubuta ɗan Zainabu. Sun sha guga har tawadar ta kusa ɓacewa.

Na girma a ɗakin matar nan ina zaton ba ta taɓa haihuwa ba. Na je na tambayi wata tsohuwar maƙwabciyarmu, ta ce, "Duk kafin a haife ka ne. Ba wanda ya kai yaye. Ita ta hana a yi maganar." Na dawo na naɗe su yadda na same su.

Allah ya jiƙan Goggo Zainabu, ya yafe mata, ya yafe mana dariyar da muka yi mata. Allah ya sa yaran nan huɗu su tarye ta a ƙofar Aljanna, su kama hannunta su shiga da ita ba tare da an tsayar da ita ba. Ranar da za a raba wa kowa takardarsa, ya Allah ka ba ta tata a hannun dama. Amin.