Yadda Na Sa Aka Kori Babana

Ni na sa aka kori babana daga aiki, kuma da za a maido ni wancan lokacin, haka zan sake yi.

Wayar Inna ce ta fara tayar da maganar. Ina gidana a Stains, gefen Paris, ina fama da yara sun ƙi cin shinkafa, sai ta kira daga Lyon. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce Baba ya yanke shawara, ƙarshen wata zai miƙa makullin kanti ya ajiye aiki. Ta faɗe shi a sanyaye, kamar tana gaya mini albasa ta yi tsada. Na tambaya ko Alhaji ne ya ce ya tafi. Ta ce a'a, shi da kansa, har ya sayi ambulan ɗin da zai saka takardar ajiye aikin.

Alhaji shi ne ubangidan Baba. Unguwarsu ɗaya a Damagaram, tare suka taso. Shi yana Paris, yana shigo da shadda da atamfa da turare da kayan miya, yana da sito kusa da Porte de la Chapelle. Baba kuwa fiye da shekara ashirin yana riƙe masa ƙaramin kanti a Lyon, a unguwar Guillotière. Kuma a yi wa Alhaji adalci, bai taɓa biyan Baba a ɓoye ba. Duk wata da takardar albashi, duk abin da hukuma ta ce a zuba an zuba.

Abin da ya sa kaina ya ɗau zafi ke nan. A ƙasar nan, muddin kana aiki a bayyane, akwai abin da ake zubawa da sunanka wata bayan wata. Ranar da aiki ya kuɓuce maka ba da son ranka ba, sai a riƙa ba ka wani kaso na albashinka har ka samu wani. Shi muke kira shomaji. Amma in kai ka ce ka bari don kanka, to ka tafi hannu wofi, sai dai bayan watanni ka koma ka roƙi a sake dubawa, kuma babu tabbas. Na san wannan sarai, domin da aka rufe gidan abincin da nake aiki a Belleville, shomaji ne ya riƙe ni har na samu aikin asibiti. Baba saura ƴan shekaru ya kai ritaya, gwiwarsa ta lalace, Inna ba ta aiki, ga kuɗin haya. Babu mai ɗaukar mutum irinsa sabon aiki. Ambulan ɗin nan in ya shiga akwatin wasiƙa, su biyun sun rasa abin ci.

Asabar da sassafe na hau jirgin ƙasa. Na tarar da shi a kanti yana goge kwalaben turare waɗanda tun jiya an goge su. Tunda na zauna har azahar, mutum biyu suka shigo, ɗayan ma tambayar hanya ya yi. Baba ya sayo mini gasasshen nama a maƙwabta, ya zauna yana kallona ina ci, sannan ya yi mini bayani a natse. Kanti ya daina ciyar da kansa tun bara. Yaran yanzu a waya suke sayen kaya. Alhaji daga aljihunsa yake biyan albashi da haya, shi ma can Paris ɗin abubuwa sun tsaya masa, amma kunya ta hana shi magana. Baba ya ce ba zai zauna yana cin gumin abokinsa a banza ba, gara ya sauƙaƙa masa ya tafi da mutuncinsa.

Na ce mutuncin ba ya biyan haya. Ya ce in iya bakina. Na rage murya, na zayyana masa yadda abin yake: tunda da gaske kantin rufewa zai yi, Alhaji ne ya kamata ya kore shi a hukumance, da takarda, shi ke nan haƙƙinsa ya fito.

Ya ajiye tsumman gogewa ya dube ni.

"Uwata, a shekaruna a ce an kore ni?"

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce tun da ya zo ƙasar nan bai taɓa miƙa hannu ba, ba kuma yanzu da furfura zai je ya bi layin sadaka ba. Na ce ba sadaka ba ce, shekara da shekaru ana yanka daga albashinsa, Alhaji ma yana zuba nasa kason, kamar adashi ne kwasarsa ta zo. Ya ce adashi harkar su Inna ce. Wallahi da ba ubana ba ne da na yi masa ihu. Muka yi ta ja har la'asar. A ƙarshe dai ya gaji da ni, ya ce in Alhaji ya ga dama ya kore shi, wannan tsakanin Alhaji da Ubangijinsa, amma shi bakinsa ba zai roƙi kora ba. Na karɓe ambulan ɗin na jefa a jakata kafin ya sake tunani.

Ashe Baba ne mai sauƙin. Alhaji na tarar da shi a biron sitonsa, wato ofishinsa, tsakanin kwalaye, ya tashi da murna yana ɗiyata, ɗiyata. Ya tambayi maigidana, da yara ɗaya bayan ɗaya, da aiki, da gajiya, da sanyi, ya sa aka kawo shayi, ya sake tambayar yara. Na jira har ya kurɓa, sannan na ce, "Baba Alhaji, alfarma na zo nema. Ka kori Babana."

Shayin ya sarƙe shi. Da ya gama tari ya tambaya ko wani abu Malam, wato Baba, ya ce ya yi masa. Na ce babu. Na maimaita masa duk abin da na gaya wa Baba. Ya saurara yana girgiza kai, sannan ya ce ni yarinya ce, an haife ni a nan, ban san wasu abubuwa ba. Lokacin da ya sauka ƙasar nan ba shi da ko bargo, a ɗakin Malam ya kwana wata da watanni, Malam ne ya raka shi sayen takalmin sanyi na farko. In labari ya isa Damagaram cewa ya kori Malam, da wane ido zai shiga unguwa? Ya ce gara ya ci gaba da biya har sito ya ƙare.

Na ce ai Baba ba zai bari ba, ga ma takardar ajiye aikinsa a jakata. Na ce su biyun kowa na kare ɗan'uwansa, kuma tsakaninsu za su bar uwata ba ta da kuɗin wuta. Na faɗa da zafi fiye da yadda ya dace a yi wa dattijo magana, na sani. Sai ya ɗauki waya ya kira kwantabul, matar da ke yi masa lissafi, da fatan ta ƙaryata ni. Ta ce ai ita tun bara take gaya masa haka.

Kora a ƙasar nan ba a yin ta da baki ɗaya. Sai an aika wa ma'aikaci takardar gayyata ta gidan waya, a zauna da shi ido da ido a gaya masa dalili, daga baya takardar korar ta biyo. Kwantabul ta rubuta komai, Alhaji ya sa hannu yana istigfari. Da takardar gayyatar ta isa Lyon, Inna ta ce Baba ya karanta, ya ninke, ya ce Alhaji zai zo ranar Talata, a yi tuwo.

Na ɗauki hutu na bi Alhaji, don ban yarda da shi ba. Ya zo tasha da babbar riga da jaka cike da tsaraba: kilishi, dabino, turmin shadda, har da agogo. Wanda ya gan mu zai ce neman aure za mu. A jirgi ya fiddo takardar da kwantabul ta rubuta masa abin da zai faɗa, ya duba, ya mayar aljihu, ya sake fiddowa.

Baba ya share ɗakin bayan kanti, ya shimfiɗa darduma. Ni doka ba ta ba ni kujera a zaman ba, don haka na tsaya a gaba wai ina jiran masu saye, labule kaɗai ke tsakaninmu. Suka gaisa. Suka sake gaisawa. Aka bi mutanen gida ɗaya ɗaya, masu rai da matattu. Aka yi maganar damina, da tsadar gero, da wani abokinsu da ya ƙara aure bai gaya wa kowa ba, suka yi ta dariya. Inna ta kawo tuwo suka ci. Suka yi salla. Suka sha shayi. Ina jin komai, kuma ko kalma ɗaya ba a yi kan abin da ya kawo mu ba.

Can na ji Alhaji yana cewa to Malam, bari in kama hanya kada jirgi ya bar ni. Baba kuma wai Allah ya kiyaye hanya. Na ɗaga labule na tsaya a bakin ƙofa na riƙe ƙugu. Alhaji ya dubi ƙasa, Baba ya dubi rufi, tsofaffi biyu kamar yaran da aka kama da hannu a tukunya. Na saki labulen na koma, amma ban matsa daga ƙofar ba.

Sai na ji muryar Baba ƙasa ƙasa.

"Alhaji, yi abin da ya kawo ka. Yarinyar nan ba za ta bar mu ba."

Na ji ƙarar takarda. Alhaji ya fara da Hausa, ya ce Malam, ya tsaya. Ya sake cewa Malam, ya sake tsayawa. Daga nan sai ya koma Faransanci. Ya karanta abin da aka rubuta masa tiryan tiryan, cewa saboda halin da kasuwa take ciki za a rufe kanti, kuma aikin da Baba yake yi ba zai ci gaba ba. Yana kiran Baba da irin lafazin da ake yi wa baƙo a ofishin hukuma. Tunda nake ban taɓa jin kalmar Faransanci ɗaya ta shiga tsakanin mutanen nan biyu ba. Da ya kai ƙarshe ya tambaya, kamar yadda takardar ta ce ya tambaya, ko ma'aikaci ya fahimta.

Baba ya ce, "Oui, Monsieur," wato e, yallaɓai.

Ni da na shirya duk wannan, ni na fara kuka, a tsaye tsakanin kwalaben turare. Na ji tausayinsu har cikin raina, na kuma ji haushin kaina da haushin dokar gaba ɗaya. Da suka fito idon Alhaji ya yi ja. Baba ya karɓi jakarsa ya rataya, da gwiwar tasa, ya raka mu har tasha, yana yi wa Alhaji faɗa don bai sa rigar sanyi ba.

Sauran ya tafi yadda na ce zai tafi. Takardar kora ta zo, aka rufe kanti, na cika wa Baba abin da ake cikawa a intanet. Ranar da aka kira shi ofishin masu neman aiki ya sa shadda da hula kamar Juma'a, kuma Inna ta ce ya gaishe da matar da ta karɓe shi har sai da ta rasa amsa. Kuɗi suka fara shiga. Ba su kai albashi ba, amma haya tana fita, tukunya tana ɗorawa. Alhaji ma da nauyin kantin ya sauka daga kansa, sitonsa ya ɗan farfaɗo. Suna waya duk Juma'a, sai dai yanzu kullum Baba ne ke kira.

Da na kai musu yara hutu, na zauna kusa da shi ina jiran yabo, don ni ba na ɓoye cewa ina son a yaba mini. Na tambaye shi ko yanzu ya yarda ba sadaka ba ce. Ya ce ya yarda, haƙƙinsa ne, kuma Allah ya yi mini albarka. Ya murza gwiwa.

"Amma uwata," ya ce, "ko yunwa za ta kashe ni, kada ki ƙara sa mutumin nan ya yi mini Faransanci."