Kitson da Kande ta Nema

A unguwar da ke bayan rijiyar Kusugu, in mace ta rasu, Maiturare ake fara aika wa kafin ma a sanar da liman. Shekara ashirin da ɗoriya tana wankan gawar mata. Ba ta da yawan magana, amma aikinta kam sai wanda ya gani: ta dama garin magarya, ta zuba kafur, ta raba gashin mamaciya gida uku ta kitse shi tsaf, sannan ta naɗe likkafani.

Aminiyarta Kande mai kitso ce. Tun suna 'yan mata ita ke yi mata kitso duk ranar Alhamis, tana ja tana tsiya: "Kai, wannan gashi naki sai ka ce tsohuwar tsintsiya!" Wata rana, kan Maiturare na bisa cinyarta, Kande ta ce, "Shekara talatin ina wahala da kanki. Ke ki yi mini guda ɗaya tak, na ƙarshe. Kar ki bar wata ta taɓa mini kai." Maiturare ta yi dariya, ta ce ta ɗauki alkawari.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ciwon Maiturare ya fara. Yatsu suka yi nauyi, ƙafa ta fara ja. Aka ce sammu ne, aka ce sanyin ƙashi, ta sha rubutu, ta sha sassaƙe har ta gaji. Daga baya likita a Kano ya ce ciwo ne mai cinye rigar jijiyoyi, sunansa a takarda MS, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Ita nata da sanyi yake tashi. Da ɗari ya shigo sai hannuwanta su sandare, ko kofi ba ta iya riƙewa. Ta koma alwala da ruwan ɗumi, safa biyu a ƙafa, kaskon wuta ba ya mutuwa a ɗakinta. Wankan gawa kuwa ta bar wa matasan mata, ta koma gefe tana gyara musu da baki. Wallahi abin yana cinta, ba ta dai faɗa ne.

Kande ta rasu a tsakiyar ɗari, da safe. Maijidda, 'yar Maiturare, ce ta zo da idanu jajur. "Inna, ƙawarki ta tafi."

Aka kai Maiturare a kan babur, an lulluɓe ta da bargo. Maijidda ta yi wankan, ita tana faɗa mata. Da aka zo kan gashi, Maijidda ta ce, "Inna, bari in yi, hannunki ba zai iya ba."

"Matsa. Kawo mini kasko."

Ta ɗora hannuwanta a kan garwashi don su farka. Ba ta ji ɗumi ba, ta ƙara sauke su. Ba ta ji ba, ta ƙara. Maijidda ce ta fizge ta da salati: "Inna, kin ƙone!" Tafin hannun ya yi ja, ya fara tashi. Maiturare ta dube shi kamar na wata, don ko raɗaɗi ba ta ji. Amma yatsun sun ɗan saki.

Ta kama gashin. Ya kuɓuce, ta sake kamawa. Maza a waje da makara suna ta gyaran murya, ba ta kula ba. Da kyar ta gama guda ukun, karkatattu, ɗaya ya fi ɗaya kauri, irin wanda ko yarinya mai koyo za ta ji kunyarsa.

Ta sunkuya daidai kunnen Kande. "To ga shi nan. Na san bai yi miki ba."

Ta ɗan dakata, tana jiran tsiya.

Tun ranar ba wadda ta sake taɓa kan Maiturare. Maijidda ta roƙa sau da yawa, ko da yaushe sai ta ja kallabi ta ce, "Bari sai Alhamis."