Kazimir, Mai Ganin Mota da Kunne

Babanmu, Kazimir Dombek, ya bar noman dankali a 1908, shekarar da attajirai suka shimfiɗa wa kansu hanyar siminti a nan Long Island, ba doki ba amalanke, sai mota sai tsere. Aka ba shi tsaron ɗaya daga ƙofofin shiga hanyar, da ɗan gidan da ke jikinta. Gidan na mai aikin ne, in aiki ya tafi gida ya tafi. A ciki aka haife mu, mu huɗu.

Tseren 1910 ne ya ci masa ido. 'Yan kallo suka ɓalle waya suka cika hanya, ya shiga yana kora su kamar awaki, motar tsere ta watsa masa tsakuwa a fuska. Kowa ya san na hagu ya tafi. Na dama kuwa a hankali ya bi shi, muka ɓoye maganar, don ba mu da wurin zuwa.

Mama Rozaliya ke karɓar kuɗin shiga, shi yana tsaye da hularsa yana jan ƙofa. Masu izinin shekara suna da ɗan allon ƙarfe a gaban mota. Baba ba ya ganinsa, amma tun mota na kan kwana ya san mai ita.

"Likita ne, Roza, ƙyale shi. Har yau bai gyara salansarsa ba, marowacin banza."

"Kai dai mota ta yi tari ka faɗi sunan kakarta," in ji Mama.

Ni dai ban taɓa ganin mutum irinsa ba. Duk da haka, ranar da Mista Halloran mai duba ƙofofi zai zo, tsoro nake kada asirinmu ya tonu. Baba kan gaishe shi da suna tun bai kashe inji ba, Halloran ya sa hannu a takarda ya wuce.

A 1938 hanyoyin gwamnati na kyauta suka kashe tamu. Ranar rufewa Halloran ya zo da takardar da ta bar mana gidan. Bai miƙa ba, sai ya kama hannun Baba ya danƙa masa a tafi.

Baba ya ce, "Tun yaushe ka sani, ranka ya daɗe?"

"Shekara ashirin. Ƙanena ya ari motata, ka ce masa sannu da zuwa Mista Halloran. Shi ga gemu har ƙirji."

"Ba ka kore ni ba?"

"Masu ido bibbiyu ke sauran ƙofofin, Kazimir, kullum ana zille musu. Kai wa ya taɓa wuce ka?"

Gida ya zama namu. Ciyawa ta fasa simintin, Baba yana fitowa kowace safiya da hularsa ya zauna bakin ƙofa, ya karkata kai.

Wata rana na ce, "Baba, me kake saurare?"

"Ba komai, 'yar nan," ya ce. "Sai yanzu na makance."