Kaset ɗin Yayana

Ni na share kiɗan. Na jima ina cewa kaset ɗin ɓata ya yi a ɗaki, amma ƙarya nake.

A shekarun da muka zauna a Tamanrasset, yayana magini ne, ni kuma ina kwaɓa masa siminti. Mun taɓa gyara katangar wani dattijon Balarabe a unguwar Tahaggart, tsohon malamin lekkol, wato makarantar boko. Kullum tagarsa a buɗe, wani kiɗan fiyano na fitowa a hankali, ba ganga ba murya. Yaya yakan tsaya da bulo a hannu yana saurare har sai na yi masa tsawa.

Dattijon ya lura. Wata rana da muke shan shayi ya ba mu labarin mai kiɗan. Ya ce Bature ne da ya rayu kusan shekara ɗari biyu da suka wuce, gajere mai tabarau, ɗan malamin makaranta. Bai taɓa mallakar gida ba, a ɗakunan abokai yake kwana, kuma ciwo ya kashe shi yana ɗan shekara talatin da ɗaya.

"Ashe ɗan ci-rani ne irinmu," in ji Yaya.

Dattijon ya yi dariya har da tari. Ran da muka gama aiki ya ba shi kaset ɗin kyauta.

A lokacin ba mu rubuta wasiƙa. Kaset muke cikawa da magana mu ba direba ya kai gida. Wata Juma'a na ji mota za ta tashi zuwa Agadez bayan sallah, kantuna kuma duk a rufe. Yaya na masallaci. Na ɗauki kaset ɗinsa, na ga an karye 'yan haƙoransa don a hana ɗaukar magana a kansa, na cusa takarda a ramukan. Ina faɗin wannan ne don kada a ce kuskure ne. Na cika fuska biyu ina gaya wa Innarmu a Damagaram cewa muna cikin daɗi, Yaya ya yi ƙiba, ni ma na kusa zama magini.

Alhali ya riga ya fara tari.

Da sanyi ya shigo sai ya kwanta. A likita suka ce huhu ne, suka ba mu ƙwayoyi. Ba ya neman nama, ba ya neman komai, sai dai ya ce, "Ƙane, ka ƙara duba ƙarƙashin tabarma."

Na zaga kasuwa rumfa rumfa ina neman irin kaset ɗin. Akwai kiɗan Larabawa, da jitar Buzaye, da waƙoƙin Indiya, da wa'azi. Sunan mai kiɗan ma ban riƙe ba, don ranar hankalina na kan shayi. Sai in tsaya gaban mai kaset in rera ɗan abin da na tuna da hanci. Wani Bamaraɗe ya ce, "Ɗan uwa, waƙa ce wannan ko ciwon ciki?" Mutane suka kwashe da dariya, ni kuwa na sake rerawa, ko wani zai gane. Na je gidan dattijon, na tarar da wasu mutane daban. Matar gidan ta ce ya koma arewa wurin 'yarsa. Na roƙe ta ta duba ko ya bar wani kwali, na durƙusa mata a bakin ƙofa, har mijinta ya fito ya kore ni.

Da na dawo hannu wofi, na zauna kusa da Yaya na faɗa masa gaskiya, har da takardar da na cusa.

Ya ce, "Me ka ce wa Inna a ciki?"

Na gaya masa.

"To ba ta ma san ta yi mini addu'a ba ke nan."

Ya juya fuskarsa ga bango. Na ji ya fara rera kiɗan da kansa, ƙasa-ƙasa, tari na yanke shi, yana komawa farko. Na so in kama masa, amma ban san inda ya dosa ba. Kwana tara ya ƙara a duniya, kuma bai sake tambayata kaset ba.